Murfin da Ba Na Ɗagawa

Da zarar rana ta karkata sai in fara duba agogo. Ina kan motar ɗaga kaya a siton da nake aiki, ina jera akwatunan ayaba da mangwaro, amma hankalina yana gida, a gaban murhu. Abokan aikina suna murna lokacin tashi ya kusa, ni kuwa ina jan aikin don kada ya ƙare. Tambaya ɗaya ce take bina har wurin ajiye motoci: yau kuma me zan ba su?

Matata Sieni ta koma Savai'i, tsibirinmu na asali, jinyar mahaifiyarta, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Da za ta tafi ta ce 'yan makonni ne. Makonnin suka zama watanni, tsohuwa ba ta tashi ba, ita kuma ba ta da ranar dawowa. Ta bar ni a gidanmu na haya a Logan, nan ƙasar da muka zo neman abinci, da yara biyu, Matalena mai shekara goma sha uku da ƙanenta Eti ɗan shekara bakwai.

Abin kunyar shi ne, a cocinmu ni ake nema idan za a yi umu, gashin duwatsu na gargajiyarmu. Da asubar Lahadi, a filin bayan coci, ni nake duba duwatsun da ke cikin wuta in ce sun yi ko da saura. Mu baza su, mu jera gwaza da ɗanyar ayaba da kaji da kifi, mu lulluɓe da ganyen ayaba da jiƙaƙƙun buhuna, daga nan kowa ya cire hannunsa. Ba a leƙawa. Ina ƙarami na taɓa ɗaga gefen ganye don in gani, kawuna ya make mini hannu da icen kwasar dutse, ya ce, "Ka saki zafin, jama'a su ci ɗanye saboda kai?" Tun ranar hannuna bai ƙara taɓa abin da aka rufe ba sai lokacinsa ya yi.

Da wannan hannun na shiga kicin ɗin Sieni.

Ranar farko na zuba shinkafa da kaza da ruwa a babbar tukunya, na rufe, na ɗora bulo a kan murfin don kada zafi ya tsere, na ƙure wuta, na fita waje na zauna kamar yadda muke zaman jiran umu. Na sha ganin Sieni tana buɗe tukunya tana juyawa tana ɗanɗanawa, amma a raina na ɗauka rashin haƙuri ne kawai irin nata. Ƙarar na'urar hayaƙin da ke manne a silin ce ta shigo da ni a guje. Kicin ya yi duhu, Eti ya toshe kunne yana ihu, Matalena tana kaɗa tawul a ƙarƙashin na'urar. Gindin tukunyar ya koma gawayi.

Na ce ruwa ne ya yi kaɗan. Washegari na ƙara ruwa, na sake rufewa, na sake fita. Haka na kashe tukwane biyu. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai kiwon tsuntsaye, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Ɗan'uwa, in kira 'yan kwana-kwana ne, ko abincin dare ne kawai?"

Daga nan na tsorata. Muka koma taliyar leda, burodi da naman gwangwani, ranar albashi kuma soyayyar kaza daga shago. Matalena takan ci ba ta cewa komai, wanda ya fi mini ciwo da a ce ta yi magana. Eti kuwa ya fara ture faranti. Ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi. Wata safiya ina ɗaura masa bel ɗin wandon makaranta na ga ya wuce ramin da ya saba, sai da na huda masa sabo da ƙusa. A hanyar aiki ranar na wuce kwanarmu ban sani ba.

Asirina ya tonu ne a coci, wajen cin abincin Lahadi. Matar fasto tana zuba wa Eti gwaza ta tambaye shi wa yake musu girki a gida.

"Baba," ya ce, da ƙarfi, yadda har layin baya suka ji. "Mu a gidanmu ba sai an kira mu ba. In ƙararrawar silin ta yi kuka mun san abinci ya sauka."

Aka kwashe da dariya. Kelemete, abokina tun muna yara a ƙauye, har da buga cinya. "Sarkin duwatsu! Ashe tukunyar mace ce ta kayar da kai? Ka ciyar da coci guda, yara biyu sun gagare ka?"

"Kai dai ci abincinka," na ce. "Wanda matarsa ke ɓare masa ƙwai ba ya cikin wannan magana."

Na yi dariya tare da su. Amma na ga matar fasto ba ta yi ba. Tana kallon wuyan hannun Eti.

Labari bai kwana ba. Litinin da rana, ina hutun cin abinci, wayata ta yi ƙara. Yayata ce, Fuatino, daga Toowoomba. Ita ce babba a gidanmu, ita ta goye ni, kuma a wurinmu namiji ba ya tsallake maganar 'yar'uwarsa mace ko da furfura ta cika masa kai.

"Uelese."

"Na'am, Yaya. Ya gida? Ya ƙafar?"

"Bar ƙafata. An ce ɗan ƙanena ya zama tsinke."

"Haba Yaya, tsayi yake yi."

"Tsayi. Da taliyar leda ake tsayi? Me ka ba su jiya?"

"Jiya ai a coci muka ci."

"Shekaranjiya fa?"

Na gutsiri burodi na hau taunawa.

"Na gane," ta ce. "Ranar Asabar ina zuwa. Ka haɗa musu kayansu. Akwai makaranta a bayan layinmu, na riga na yi magana. Su zauna wurina har uwarsu ta dawo. Ba laifinka ba ne, kai namiji ne, Allah bai ba ka ba."

"Yaya, ai da ma..."

"Da ma me?"

"Ba komai. Allah ya kawo ki lafiya."

Na kashe wayar na zauna ina kallon burodin da ke hannuna. Toowoomba tafiya ce mai nisa ga mai aikin da ke cin Asabar ɗinsa. In sun tafi, sai dai in gan su sau ɗaya ko biyu a wata. Na tuna gidan yadda zai kasance da yamma, ni da firji, babu takalmin Eti a bakin ƙofa da zan yi tuntuɓe da shi.

Da na tashi aiki na kira Sieni daga cikin mota. Layin yana yankewa, ina jin kukan kaji a bayanta. Ta riga ta ji, Yaya ta riga ni kiranta.

"Ni me zan ce, Uelese? Ina nan ina juya Mama a kan gado. In Yaya ta ga ba sa ci, ba zan ce mata ta bar su ba."

"To gaya mini yadda kike yin miyar kazar nan. A hankali."

"Ka soya albasa, ka zuba kaza, ka sa ɗan ruwa."

"Ruwa nawa?"

"Daidai."

"Daidai ɗin nawa ne?"

"Idonka zai gaya maka mana."

"Sieni, idona ba ya gaya mini komai."

Ta yi wata 'yar dariyar gajiya, sannan layin ya mutu.

Da yammar na ƙudura zan yi irin nata. Na cire bulo, na tsaya a kan tukunya da ludayi. Sai na faɗa ɗaya gefen: in buɗe in juya, in rufe, in sake buɗewa, in ga kamar ruwa ya ja in ƙara, in ga ya yi yawa in kwashe. Rigata ta jiƙe sharkaf. Abin da na sauke ba shinkafa ba ne, ba kunu ba, kazar kuma da na tsaga akwai ja a jikin ƙashi. Na juye a kwandon shara kafin Eti ya gani.

Matalena tana tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa.

"Gwaggo ta turo mini saƙo," ta ce. "Wai in wanke kayana."

"Na sani."

"Ni fa ba zan je ba, Baba. An sa ni a ƙungiyar ƙwallon makaranta. A can kuma mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, ga munsharin Gwaggo ana ji ta bango."

"Ki daina faɗin haka a kan gwaggonki."

"To ka gaya mata a'a mana."

"Yayata ce, Matalena."

"Mu kuma 'ya'yan wa ne?"

Na durƙusa ina neman wata tukunya mai tsabta don in dafa musu taliya. Sieni tana ajiye tukwanenta da faranti a cikin oben ɗin da ke ƙarƙashin murhu, tun da muka shiga gidan a wurina kabad ne kawai. Na fito da su ɗaya bayan ɗaya, har da ledoji da wani tsohon tire mai zurfi. Da ya zama wayam sai na tsaya ina kallon cikinsa. Baƙin rami, bango mai kauri, ƙofa mai rufuwa gam.

"Wannan abin yana aiki?"

"Oben ne fa, Baba. A ciki Mama take gasa kek ɗin Kirsimeti."

"In an sa abu, ana buɗewa a juya?"

"A'a. A makaranta in muka buɗe malama faɗa take yi, wai mun saki zafin."

"Me ta ce?"

"Wai mun saki zafin. Baba, lafiya? Me ya sa ka zauna a ƙasa?"

Talata na biya shago na sayo cinyoyin kaza, gwaza, kabewa, albasa, madarar kwakwa ta gwangwani, da takardar gashi mai ƙyallin nan. Na jera su a tiren kamar yadda nake jera umu, masu tauri a ƙasa, nama a sama, na barbaɗa gishiri, na kwarara madarar kwakwa, na lulluɓe da takardar na danne gefe-gefe ba ko kafar numfashi. Matalena ta murɗa lambar da suke sawa a makaranta, ta saita agogon wayarta, domin duwatsu na san lokacinsu a jikina, wannan akwatin kuwa ban san halinsa ba. Na rufe. Na ɗauko kujera na zauna a gabansa, hannuwana a tsakanin cinyoyi, ina shinshina iska.

Ba hayaƙi. Kazar ta yi laushi har tana sakin ƙashi, amma na yanka gwazar manya-manya irin ta umu, tsakiyarta ta ƙi nuna. Eti ya cinye cinya guda ya tsame kabewa ya jera a gefen faranti. Na ƙirga wannan a nasara. Laraba na yanka ƙanana, komai ya nuna, sai dai gishiri ya zarce, muka yi ta shan ruwa. Duk da haka tiren ya koma kicin babu komai a ciki.

Ban saki jiki ba. Sau biyu ba iyawa ba ce, na gaya wa kaina, sa'a ce. Na shirya a raina ranar Asabar zan yi tire biyu, in sayo kifi babba, in nuna wa Yaya da idonta, wataƙila ta sassauta ba sai na buɗe baki ba.

Alhamis da yamma, na rufe oben kenan ina wanke hannu, na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Eti ya leƙa ta taga.

"Baba, Gwaggo ce!"

Na fita da sauri. Tana fitowa daga mota a hankali, da sandarta da jakarta da fankarta ta saƙa, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Yaya, sannu da zuwa. Na ɗauka Asabar kika ce."

"In na zo Asabar ai abin da ka shirya zan gani. Buɗe bayan motar, akwai akwatuna biyu, ka shigo da su."

Na ɗaga su. Ba nauyi ko kaɗan. Babu komai a ciki.

Muka shimfiɗa mata tabarma mai kyau a falo. Ta jawo Eti ta zagaye damtsensa da yatsu biyu, ta dube ni. Ta tambayi Matalena karatu, Matalena ta amsa tana kallon tabarma. Rana ta fara faɗuwa.

"Har yanzu ana addu'ar yamma a gidan nan, ko ita ma ta bi Sieni?"

"Ana yi, Yaya."

"To a zauna."

Muka tanƙwashe ƙafa. Na saci kallon kicin. Na ce a raina addu'armu ba ta da tsawo, waƙa ɗaya, karatu kaɗan, za mu gama da sauran lokaci. Na manta wa zai ja.

Yaya ta ɗauko waƙar yabo mafi tsawo a littafin, ta rera ta har baitin ƙarshe, ta maimaita amshi. Ta sa Matalena karatu, ta tsayar da ita ta gyara mata kalmomi. Sannan ta ce a rufe ido.

Ta fara da mahaifiyar Sieni. Ta bi ta kan Sieni, ta shiga danginmu na ƙauye gida-gida, da masu rai da marayun waɗanda suka rasu. Ƙamshin kwakwa ya fara shigowa falo. Ta koma kan fastocinmu na nan da na can. Tana kan matan zumunta na ji wayar Matalena tana zirr a aljihunta. Lokaci ya yi. Na buɗe ido ɗaya, na tarar ita ma ta buɗe ɗaya tana kallona. Ta ɗan motsa gwiwa kamar za ta tashi. Na girgiza mata kai. Ba a tashi a tsakiyar addu'a, balle Yaya ce take yi, balle yau.

Yaya ta shiga shugabannin ƙasa, namu da na nan. Ta yi wa masunta da ke kan teku, ta yi wa masu tsinkar 'ya'yan itace a gonaki, ta yi wa fursunoni. Ni kuwa hancina kawai ke aiki. Ƙamshin ya canza, ya yi nauyi, ya fara komawa irin na kwakwar da ta kama gefe. Na ga abin a idona tun bai faru ba: na'urar silin ta tsala ihu a kan "Amin", Yaya ta buɗe ido, ko magana ba sai ta yi ba, sai dai ta nuna akwatuna. Ita tana roƙa wa duniya, ni ina roƙon abu ɗaya: Ya Allah, madarar nan kada ta ƙone. Ya Allah, ka tsayar da Yaya.

Ta zo kaina a ƙarshe. "Ka duba ƙanena Uelese, ka san rauninsa, ka san bai iya ba, ka ba shi zuciyar karɓar taimako." Ta ja numfashi. Na ɗauka ta gama. Sai ta tuna da marasa lafiya na asibiti.

Da ta ce Amin ban san lokacin da na isa kicin ba. Na kashe oben, na jawo tiren da tawul, na ajiye. Na tsaya a kansa na kasa ɗaga takardar. Matalena ta zo ta tsaya a gefena.

"Baba, buɗe mana."

"Bari tukuna."

"Ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, abin da ke ciki yana ciki."

Na ɗaga. Tururi ya bugi fuskata. Gefe-gefe ya yi duhu, albasar da ke kusurwa ta ƙone, madarar ta ja ta koma kauri. Amma tsakiya lafiya. Na soka cokali a gwaza, ya shige kamar a man shanu. Sai na yi hamdala.

Murnar ba ta daɗe ba, domin da na dubi tiren na ga wata matsalar. Abincin mutum uku na yi, daidai mu, cinya huɗu. A gidan mutumin kirki baƙo ba ya ganin gindin faranti. Baƙo ne kuma ke fara ci, yara su yi hidima su jira abin da ya rage. Na kwashe mafi kyau, cinya biyu da gwazar tsakiya, na jera mata. Matalena ta kai, ta durƙusa ta ajiye, ta koma ta kawo kwanon wanke hannu da tawul. Eti ya zauna gefe da fanka yana yi mata fifita. Na zauna bakin ƙofa.

Yaya ta dubi farantin, ta leƙa kicin daga inda take.

"Shi ke nan duka?"

"Ban san kina tafe ba, Yaya. Ki yi haƙuri."

"Wa ya kawo muku? Matar fasto?"

"Ni na yi."

"Matalena, wa ya yi?"

"Baba ne, Gwaggo. Ni lamba kawai na murɗa."

Ta gutsiri gwaza ta tauna a hankali. Ta yagi kaza. Ba a jin komai a falon sai ƙarar fanka. Ta ci, ta ƙara ci, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ni kuma ina lissafin abin da zai rage wa yara: cinya biyu, kabewa, da ƙonannen gefe. Ni na riga na cire kaina.

Fifitar ta fara rauni. Na duba na ga Eti ya manta da aikinsa, idonsa yana kan cinya ta biyu da ke farantin gwaggonsa, bakinsa a ɗan buɗe. Na yi masa ido ya ƙi kallona. Yaya ma ta gani.

"Kai, tsinke. Me kake kallo?"

"Ba komai, Gwaggo."

"An ce ba ka cin abinci."

"Ina cin wannan," ya ce. "Ban da kabewa."

Ta tura masa farantin. Ya dube ni, na ɗaga masa kai. Ya ajiye fanka ya kama cinyar da hannu biyu, madara tana bin gwiwar hannunsa. Ya cinye, ya tsotse ƙashi, ya dangwali gwaza a romon, sannan ya tambayi Matalena ko akwai saura a tire. Yaya ta jingina da bango tana kallonsa har ya gama.

Ta wanke hannu ta goge. "Babu ganye," ta ce. "Yaro ba ya rayuwa ba ganye. Gefen kuma ya ƙone."

"Addu'ar ce ta ɗan..." Matalena ta fara. Na yi gyaran murya ta yi shiru.

"Matalena, ɗauki akwati ɗaya ki kai ɗakinki," in ji Yaya. "Ki fara da kayan makaranta."

Matalena ba ta motsa ba. Ta juyo ta dube ni. Eti ma ya daina lasar yatsa. Tun da nake ban taɓa ce wa matar nan a'a ba, ko lokacin da ta zaɓa mini rigar aure. Na matso na zauna a gabanta, na sunkuyar da kai, na dafa tabarma da hannu biyu.

"Yaya, ina roƙon arziki."

"Ina ji."

"Ki bar mini su."

"Uelese, abu ɗaya ka iya. Shi ma yaushe ka koya?"

"Shekaranjiya."

"Ka ji ko? Shekaranjiya. Za ka riƙe yara da abin shekaranjiya?"

"Abu ɗaya ne, gaskiya ne. Yau na yi shi da kaza. Gobe in yi da kifi, jibi da haƙarƙarin rago. Zan sa ganye. In sun gaji da shi su gaji a gabana." Na ƙara sunkuyar da kai. "Uwarsu ba ta nan. In kika tafi da su, ban san me zan dawo in tarar a gidan nan ba."

Ta ɗauki fankar da Eti ya yar tana yi wa kanta fifita. A waje tsuntsayen maƙwabci suna ta surutu.

"Ɗaga kanka," ta ce. "Ƙaton mutum kamar kai. Yara suna kallo."

Na ɗaga.

"Ba zan tafi da su yau ba. Ni ma ba na tafiya. Zan zauna har Lahadi, in ci abin da suke ci. Ba zan taɓa maka ko cokali ba, kada ka sa rai. In na ga yaron nan yana ci kamar yadda ya ci yanzu, in koma da akwatunana yadda na zo da su. In na ga taliyar leda ko a kwandon shara ne, ba sai mun sake magana ba."

"Na gode, Yaya."

"Ban gama ba. Gadonka zan kwana, bayana ba ya son kujera. Kuma gobe a yi abinci kamar na mutane, ba kamar na asibiti ba."

Matalena ta tashi da sauri ta kwashe faranti, na ji ta a kicin tana waƙa ƙasa-ƙasa. Na kai akwatunan bayan ƙofar ɗakina, na canza wa Yaya zanen gado. Da na dawo na tarar an rage mini ƙonannen gefen tire da tulin kabewar Eti. Na ci a tsaye, da cokalin miya, ina kankare ƙasa.

Eti ya shigo ya jingina da ƙafata.

"Baba, gobe me za mu ci?"

Kifi ya fi kaza saurin nuna, gwaza kuma ba ta sauri, ban san yadda zan haɗa su a tire ɗaya ba tare da ɗaya ya lalace ba. Ban san wane ganye ne ke jure zafi ba. Ban san ko tire biyu za su shiga tare ba.

"Kifi," na ce.

"Da kabewa?"

"Da kabewa."

"Haba Baba."

Daga falo Yaya ta ɗaga murya. "Uelese! Gidan nan ba a ba baƙo shayi ne?"

Na ajiye cokalin na ɗora ruwa.